Motar da Aka Yanke wa Rufi Saboda Kare

A tsakiyar shekarun 1960, David Brown, attajirin da ya yi arziki da ƙera taraktoci kafin ya sayi kamfanin Aston Martin a 1947, ya tarar da wata matsala irin ta masu hannu da shuni. Motarsa DB5, wadda haruffan sunansa ne a jikinta, tana cikin mafi kyawun motocin duniya, kuma fim ɗin James Bond na 1964 ya riga ya kai sunanta ko'ina. Sai dai ba ta da wurin sandunan folo da bindigogin farauta, balle karensa. Ya umarci ma'aikatansa su ƙera masa guda mai dogon rufi da ƙofa a baya. Da abokan harka suka gani suka ce su ma suna so, masana'antar ba ta da sukunin wannan aiki, sai aka miƙa shi ga kamfanin Harold Radford na Landan. Goma sha biyu kacal Radford ya yi: takwas masu sitiyari a dama, huɗu a hagu.

Irin wannan mota Turawan Ingila ke kira shooting brake, sunan da ya girmi injin mota. A ƙarni na 19, brake wani keken doki ne mai nauyi da ake ɗaura wa sababbin dawaki don a hore su su saba da ja. Daga baya aka sa masa kujeru a tsawonsa, ya zama abin ɗaukar ayarin farauta zuwa gandayen masu sarauta: baƙi, masu kula da daji, karnuka, bindigogi, da tsuntsayen da aka harbo a dawowa. Farautar ba ta neman abinci ba ce. Biki ne na masu ƙasa, mai ranar buɗewa a doka, 12 ga Agusta, lokacin da ake fara harbin wani tsuntsu mai kama da makwarwa a tsaunukan Sukotland da arewacin Ingila. Da mota ta zo, sunan ya bi ta. Mai kuɗi zai sayi shasi da inji daga Rolls-Royce, ya kai wa maƙera su gina masa gangar jiki, sau da yawa ta katako.

Kalmar ta tsallaka teku zuwa Faransa, inda break ya zama sunan kowace mota mai dogon baya. Duk wanda ya taɓa matsuwa a kujerar ƙarshe ta Fijo 504 daga Kano zuwa Jos, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, ya hau jikanyar wancan keken doki, ko da yake ba a shirya masa tafiyar da jin daɗin ɗan sarauta ba.

Abin da Radford ya yi wa DB5 tiyata ce mai haɗari. An gina motar ne bisa tsarin da kamfanin Touring na Milan ya ƙirƙiro: siraran bututun ƙarfe da aka saƙa kamar keji, aka lulluɓe da fallen alminiyam da aka buga da hannu. Don a tsawaita rufin sai an yanke wannan keji daga bayan gilashin gaba, a sake saƙa wani. Rufin mota yana cikin abin da ke hana gangar jikinta murɗewa a kwana, don haka kowane yanka yana taɓa ƙarfinta. Kuɗin aikin ya kai kusan fam 2,000, a kan motar da farashinta ya haura fam 4,000.

Wahalar da ta fi ta ƙarfe ita ce ta ido. Kyawun motar tsere yana ƙugunta ne, inda rufi ke gangarowa ya haɗu da kafaɗun tayoyin baya. Mai sauya ta dole ya cire wannan wuri ya sa akwati. Idan rufin ya tafi a miƙe har ƙarshe, ta koma motar ɗaukar gawa. Idan ya gangaro da wuri, kare ba zai iya tsayawa a ciki ba, an yi asarar kuɗi ke nan. Tsakanin waɗannan biyun akwai tazarar da ba ta wuce 'yan yatsu ba, kuma a nan ake gane gwani. Radford ya bar fitilun baya da kafaɗun DB5 yadda suke, ya ja gilashin gefe dogo, ta yadda mai kallo zai ɗauka haka aka haife ta. Wasu kuwa sun yi wuce gona da iri. A 1975 kamfanin Panther Westwinds ya sauya wata Ferrari Daytona, ya yi mata baya na gilashi mai buɗewa ta gefe biyu kamar fikafikai. A ganina ta fi kama da akwatin baje koli, amma har yau ana tururuwar kallonta.

Ba a daɗe ba masana'antu suka ga akwai kasuwa. A 1968 Reliant ya fito da Scimitar GTE, zanen Tom Karen, wanda ya ɗaga layin gilashin gefe sama yayin da rufi ke sauka, dabarar da ta sa bayan ya yi kama da mai shirin zabura. Gimbiya Anne ta samu guda a 1970, kuma hakan ya yi wa motar talla fiye da kowace jarida. Volvo ya biyo baya da 1800ES mai ƙofar baya ta gilashi zalla, ya ƙera kimanin 8,000 kafin ya daina a 1973. Jamusawa, da ba su raga mata ba, suka laƙaba mata sunan akwatin gawar gilashi na wata tatsuniyarsu.

Ƙananan maƙera ba su mutu nan take ba. Kamfanin Lynx ya shafe kusan shekaru ashirin, daga farkon shekarun 1980, yana mayar da Jaguar XJS zuwa Eventer, ya yi 67, kuma akwai masu cewa ta fi ta asali kyau. Ina cikinsu. Amma ƙasa tana zamewa ƙarƙashin sana'ar. Motocin zamani ba su da shasi daban da gangar jiki, duka abu ɗaya ne da aka lissafa yadda zai lanƙwashe idan an yi karo. Ga jakunkunan iska a cikin ginshiƙan rufi, ga wayoyi da na'urori, ga dokokin gwajin haɗari da ƙaramin kamfani ba zai iya biyan kuɗinsu ba. Mai guduma da almakashin ƙarfe ba ya iya yanka inda ya ga dama kamar a zamanin Radford. Masu yi a yau, irin su mai zane ɗan Holan Niels van Roij da ya tsawaita rufin Tesla Model S, suna farawa ne da auna motar da kwamfuta.

Sunan kuma ya kuɓuce wa masu shi. Ferrari FF ta 2011 ta cancanci a kira ta haka, ƙofa biyu ce da dogon rufi. Amma a 2012 Mercedes ya liƙa shi a kan CLS mai ƙofa huɗu, motar kai yara makaranta, saboda kalmar tana ƙamshin gandun sarauta, kuma ƙamshin yana sayar da kaya. Masu tsattsauran ra'ayi sun yi gunaguni, ko da yake tarihi bai ba su gaskiya duka ba, tunda kekunan farko ma ayari suke ɗauka. Aston Martin ya koma ga gadonsa a 2017 tare da Zagato na Italiya, aka ƙayyade guda 99. A Agustan 2019 kuma aka yi gwanjon ɗaya daga cikin goma sha biyun Radford a Monterey ta jihar Kalifoniya, mai sitiyari a hagu, aka saye ta a kan fiye da dala miliyan 1.7.