Yaushe ake sakin fili? Tarihin wata tambaya da ke cikin wayarka

Duk wanda ya san fadamar Haɗejia ya san cewa fili ɗaya kan yi wa mutane da yawa aiki a shekara guda. Idan kogi ya cika ya malala, masunta ne ke kansa. Ruwa na janyewa, manomin shinkafa ya yi girbi, mai noman rani ya biyo da alkama ko tattasai, makiyayi kuma yana jiran a kwashe amfani ya shigar da dabbobinsa. Rigima takan tashi ne a kan lokaci, wato idan garke ya shiga kafin a gama kwasa. Wannan tambaya ta yaushe mai riƙe da fili ya gama da shi, ita ce injiniyoyin manhaja suka shafe sama da shekara ashirin suna fama da ita a ɓangaren da ke zana hoto a fuskar kwamfuta da waya.

Wayar Android da ake sayarwa a kasuwar Haɗejia, ko Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung, tana tafiya ne a kan kanel ɗin Linux, wato cibiyar manhajar da ke raba wa kowane shiri rabonsa na na'ura. Linus Torvalds ne ya fara shi a 1991. A cikin wayar akwai injuna biyu da suka shafe mu: babbar ƙwaƙwalwa da ake kira CPU, da injin zane da ake kira GPU. Duk hoton da ka gani a fuskar waya sai da aka ware masa fili a ma'ajiyar wucin gadi, wadda masu sayar da waya ke kira RAM. Fuska mai ɗigo 720 a faɗi da 1600 a tsawo tana cin kusan megabait huɗu da rabi a hoto ɗaya, kuma ana sabunta ta sau 60 a daƙiƙa. Kyamara ta rubuta a fili, injin zane ya gyara, fuska ta karanta ta nuna. Mai kula da wannan zirga-zirga shi ne direban zane, wani yanki na kanel.

Kuskure iri biyu ne ke jiran direban. Idan ya ƙi sakin filin da aka gama da shi, ma'ajiya ta riƙa cushewa har waya ta yi nauyi ko shiri ya mutu. Idan kuma ya sake shi da wuri, kanel zai miƙa wa wani filin alhali na farko yana nan yana rubutu a ciki. Wannan na biyu shi ake kira amfani bayan saki, kuma shi ne mai haɗari, domin sabon abin da aka ajiye a filin yana iya zama bayanan da kanel ke dogara da su wajen tantance wa ke da izinin taɓa me.

Maganin da aka fi dogara da shi ya girmi Linux da shekara talatin. A 1960 George Collins ya wallafa dabarar ƙidayar masu riƙo: a liƙa wa kowane fili lamba, duk wanda ya karɓa a ƙara ɗaya, duk wanda ya gama a rage ɗaya, ranar da lambar ta koma sifili a saki filin. Dabara ce mai sauƙin faɗa. Wahalarta ita ce dole kowane mai rubuta manhaja ya tuna ya ƙara, ya kuma tuna ya rage, a kowace hanya da shiri zai iya bi, har da hanyoyin da ake bi idan wani abu ya lalace a tsakiyar aiki. A 2004 Greg Kroah-Hartman ya gabatar da kref, tsari ɗaya na wannan ƙidaya da duk direbobin Linux za su yi amfani da shi maimakon kowa ya ƙirƙiri nasa.

A farkon Linux, kanel ba shi da hannu sosai a harkar zane. Wani babban shiri mai suna X ne ke riƙe da katin zane shi kaɗai, yana taɓa ƙarfen kai tsaye. Da wasanni da zane mai zurfi suka yawaita, aka buƙaci shirye-shirye da yawa su yi magana da katin lokaci guda. A 1999 kamfanin Precision Insight ya kawo DRM, sashen kanel da ke tsara layi tsakaninsu. Sai dai rabon ma'ajiya a lokacin ɗanye ne: shiri yakan kama makulli, ya yi aikinsa, ya saki, kuma idan ya dawo yana iya tarar da wani ya share abin da ya ajiye.

Gyara na haƙiƙa ya zo ta hanya biyu da suka yi gogayya. Kamfanin Tungsten Graphics, ta hannun Thomas Hellström, ya tsara TTM, wanda ke iya kwashe fili daga ma'ajiyar katin zane zuwa ta kwamfuta idan wuri ya ƙure, ya dawo da shi idan an buƙata. Injiniyoyin Intel, ciki har da Keith Packard, suka ga TTM ya yi wa injunansu nauyi, suka fito da GEM a 2008, ya shiga Linux 2.6.28 a watan Disamba na shekarar. A GEM, kanel ne ke riƙe da filin, shiri kuma lambar shaida kawai ake ba shi, kamar tikitin ajiyar kaya a tasha. Idan shirin ya rufe, ko ya mutu ba shiri, kanel ya tattara tikitocinsa ya rage ƙidaya. TTM ma ya shiga a 2009 tare da direban Radeon, kuma a ƙarshe aka yi sulhu: direbobi da yawa suna nuna fuskar GEM a waje, TTM na aiki a ciki.

Saura matsalar miƙa fili daga shiri zuwa shiri. Hanyar farko ta GEM ita ce a ba filin suna na lamba da kowa zai iya kira, abin da ya sa shiri mai mugun nufi zai iya cankar lambar ya leƙa hoton wani. A 2012, a Linux 3.3, aka shigar da dma-buf, aikin da Sumit Semwal ya jagoranta a ƙungiyar Linaro. Da shi ake miƙa fili hannu da hannu tsakanin kyamara, injin zane da fuska, kowa da ƙidayarsa. Masu ƙera wayoyi ne suka fi matsawa a yi wannan, domin kwafe hoto daga wuri zuwa wuri yana cin batir.

Ƙidaya kaɗai ba ta isa ba, saboda injin zane ba ya aiki a take. CPU yakan miƙa masa jerin ayyuka ya wuce, shi kuwa ya gama daga baya. Shiri na iya cewa ya gama da fili alhali injin bai kai ga aikin ba tukuna, kamar manomin da ya ce ya tashi daga gona amma damman shinkafarsa na nan a kwance. Don haka aka ƙirƙiri wata alama da sunanta ke nufin shinge, wadda ba ta buɗewa sai injin ya sanar da cewa ya kammala. An mayar da ita tsari na bai ɗaya a Linux 3.17 a 2014. A 2017 kuma aka ƙara wa ƙidayar kanta kariya, ta yadda idan maharin ya kumbura lambar har ta kai maƙura, ba za ta zagayo ta koma sifili a saki fili bisa kuskure ba.

Duk da wannan gini, kurakurai ba su ƙare ba, kuma a nan labarin ya iso aljihunmu. Da yawa daga wayoyin da ke ɗauke da injunan MediaTek da Unisoc suna amfani da injin zane na Mali, ƙirar kamfanin Arm na Ingila, wanda ke da direbansa na kansa a wajen tsarin GEM. A tsakiyar 2022 Jann Horn na sashen Project Zero a Google ya gano kurakurai biyar a wannan direba, wasunsu na amfani bayan saki. Arm ya gyara a Yuli da Agusta. A Nuwamba masu binciken suka sanar cewa gyaran bai kai wayoyin da suka gwada ba, har da Pixel na Google ɗin kansa. A Oktoba 2023 Arm ya sake gargaɗi kan wani kuskure makamancin wannan, ya ce akwai alamun an riga an yi amfani da shi a kan wasu mutane ƙalilan da aka nufa. Direban zane yana jan hankalin mahara ne saboda kowace manhaja, ko ta wasa ce ko ta tocila, tana da damar magana da shi ba tare da ta nemi izinin mai waya ba.

Matsalar ta wuce zane. A 2019 Microsoft ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na raunin tsaron da yake gyarawa daga kurakuran ma'ajiya ne, kuma a 2020 masu burauzar Chrome suka ba da adadi kusan iri ɗaya. Wannan ya sa aka koma tushe, wato harshen da ake rubuta direbobi da shi. Harshen C ya bar wa ɗan Adam nauyin tunawa. Harshen Rust kuwa yana bin diddigin wa ke riƙe da me tun lokacin rubutu, ya ƙi haɗa shirin da zai taɓa abin da aka saki. Linux ya buɗe masa ƙofa a Disamba 2022, kuma a shekarar ne masu aikin Asahi Linux suka rubuta direban zane na kwamfutocin Apple da shi. Rust bai iya karanta abin da ke faruwa a cikin injin zane ba, saboda haka shinge da ƙidaya suna nan, sai dai an rage wuraren da mantuwar mutum ɗaya za ta iya buɗe ƙofa.

Ga mai karɓar kuɗi ta waya a Haɗejia, ko ɗan jarida mai adana lambobin majiyoyinsa, abin da ya rage a hannunsa kaɗan ne amma yana da amfani. Gyara yakan bi doguwar hanya: daga mai ƙera injin zane, zuwa mai ƙera ƙwaƙwalwar waya, zuwa kamfanin wayar, kafin ya iso. Shiga saitin wayarka, ka duba bayanin waya, za ka ga ranar sabuntawar tsaro ta ƙarshe. Idan ta shekara biyu ce ko uku, duk abin da aka gano bayan ranar yana nan a buɗe. Sa'ad da za ka sayi sabuwa, bayan ka tambayi kyamara da batir, ka tambayi shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin aiko da gyara.