Zangon da ya zama gida

A bakin fatake, zango wurin kwana ne kawai: a sauke wa jakuna kaya, gari ya waye a ɗaura a yi gaba. A Ghana kuwa sunan unguwa ne da ake haihuwar mutum a cikinta, ya tsufa a cikinta.

Goro ne ya kai Hausawa can. Ayarin Kano da Katsina kan bi hanyar Gwanja har Salaga, inda ake kawo goro daga kurmin Asante. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar, wasu suka gangara Kete-Krachi, wasu suka nufi Kumasi da Akra. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, a Kete-Krachi ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1934.

Baƙon da ya sauka maigida yake fara nema. Shi ke ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta da masu jin Twi. In rigima ta taso, Sarkin Zango ne ke tsayawa gaban masu ƙasa. A haka baƙo ya saba da doya da ayaba da manja, masu masauki su ma suka ɗanɗana nasa: koko da ƙosai ya zama karin kumallon Akra, abincin nan da suke kira waakye kuma daga kalmar wake ya samo suna.

Harshen ne ya fi shan sauyi. Zabarmawa da Mosi da Kotokoli da Dagomba sun cika zango, Hausa ce ta haɗa su, ita kuma ta sauke wasu kayanta. Bambancin namiji da mace ya faɗi, sai ka ji an ce “yarinya ya zo”. Masu yi wa wannan dariya ba su kyauta ba, don Hausa ce da ta ɗauki nauyin ƙabilu barkatai a tsakar gida ɗaya.

Sai dai sabo bai zama takarda ba. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da izinin zama mako biyu su fice. Cikin waɗanda suka hau manyan motoci zuwa Nijeriya da Nijar har da 'ya'yan zango haifaffun Kumasi, waɗanda ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba, suka isa can suna tambayar hanya da Hausar da ake jin baƙuntarsu a cikinta.