Dokar taƙaita ƙarfin injin ƙananan jiragen ruwa: mene ne ita, kuma wa take shafa?

Wannan doka ce da wasu ƙasashe ke kafawa don hana ɗora inji mai gudun tsiya a kan kwale-kwale ko ƙaramin jirgin roba, sai da izinin hukuma. Dalilinta a fili yake: ƴan fashin teku, masu satar ɗanyen mai da masu fataucin ƙwaya duk da gudu suke taƙama. Su kai farmaki, kafin jami'an tsaro su yunƙura sun ɓace.

Yadda take aiki

Ana auna inji da abin da ake kira ƙarfin doki. Masunci na iya neman abincinsa da inji mai ƙarfin doki 15 zuwa 40, amma ɓarayi kan jera injina biyu, uku ko huɗu, kowane mai 200 ko fiye. Don haka doka kan sa iyaka, ta tilasta rajista, ta kuma ba jami'ai ikon kama jirgin ko da ba a samu haramtaccen kaya a cikinsa ba.

Inda aka kafa ta

A Ispaniya, masu shigo da tabar wiwi daga Maroko kan tsallake mashigin Jibraltar, wanda faɗinsa bai wuce kilomita 14 ba a inda ya fi ƙunci. A watan Oktoban 2018 gwamnati ta sa jiragen roba masu tsawon fiye da mita 8, da waɗanda injinsu ya kai kilowat 150, wato kusan ƙarfin doki 200, cikin haramtattun kaya idan ba su da izini. Duk da haka, ranar 9 ga Fabrairun 2024 wani irin wannan jirgi ya taka jandarmomi biyu har lahira a tashar Barbate.

A Najeriya ma, a 2016 rundunar tsaron yankin Neja Delta ta hana amfani da inji mai ƙarfin doki 200 bayan an fasa bututun mai.

Kwatancinta a Nijar

Nijar ba ta da teku, amma ta san irin wannan mataki. Bayan harin Boko Haram a Difa da Boso a Fabrairun 2015, an kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur da kamun kifi a tafkin Cadi. Sai a 2019 aka sake buɗe sana'ar kifin. A Maris na 2017 dokar ta-ɓacin ta kai Tiliya da Tasara a jihar Tawa, kuma daga 1 ga Janairun 2020 aka hana babura yawo a sassan jihar Tilaberi. Abin da jirgi mai gudu yake a teku, shi ne babur a daji.

Abin da ake kuka da shi

Ɓarawo ba ya neman izini, mai gaskiya ne ke bin layi. Masunta, ƴan kabu-kabu da masu kai marasa lafiya asibiti su ke fara ji a jikinsu, wasu matasan kuma kan rasa sana'a gaba ɗaya.

Ga mutanen Babankatami, Madawa, Buza da Kaita, batun bai yi nisa ba. Da yawa na zuwa cin rani biranen bakin teku kamar Ikko da Kwatano. Duk wanda zai kama aiki a jirgi can, ya tambayi takardun jirgin da ƙarfin injinsa tukuna, don in jami'ai suka tare shi, wanda ke ciki suke fara kamawa, ba mai shi ba.