Daga Abu Zuwa Sumayya: Yadda Labarin 'Ya Mace Ya Shigo Akwatin Talabijin



Duk wanda ya tashi a Azare kafin zuwan wayar hannu zai tuna yadda yaran unguwa ke cika tsakar gidan mai talabijin bayan sallar isha'i. Gidan talabijin na Kaduna ya fara aiki tun 1962, kuma wasannin da suka yi tashe daga baya, irin su Samanja, Karambana da Karkuzu, duk maza ne a gaba. Mace takan fito a matsayin matar gida ko uwa, amma ba kasafai ake bin rayuwar yarinya daga ƙuruciya har ta mallaki hankalin kanta ba.

Marubuta mata ne suka buɗe wannan ƙofa. A 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da "Wa Zai Auri Jahila?", labarin Abu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, ta gudu, ta nemi ilimi har ta zama ma'aikaciyar jinya. Marubuciyar da kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama. A shekarar ce kuma ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da "Turmin Danya", wanda ake ɗauka a matsayin mafarin fim ɗin Hausa na bidiyo.

Zamanin kaset ya sa budurwa a tsakiyar labari, kamar Zubaina a "Sangaya" na 1999. Sai dai yawanci matsalarta ɗaya ce: wa za ta aura? Da an ɗaura aure, fim ya ƙare.

Bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014, shiri mai dogon zango ya samu gindin zama. A 2020 Malam Aminu Saira ya kawo "Labarina", inda aka bi Sumayya mako bayan mako, 'yar talakawa da ke zaune da mahaifiyarta, tana fama da talauci da masu neman aurenta. Nafisa Abdullahi ce ta fara hawa matsayin, daga baya Fati Washa, haifaffiyar jiharmu ta Bauchi, ta karɓa.

Me ya shafe mu? Yau 'ya'yanmu mata suna karatu a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da jami'ar jiha da ke Gadau, amma har yanzu akwai Abu a ƙauyukan ƙasar Katagum. Wata kuɗin jarabawa ne ya tsayar da ita, wata talla, wata auren da ba a nemi shawararta ba.

Iyaye, idan kun ga 'yarku ta ƙura wa irin wannan shiri ido, ku zauna ku kalla tare, ku tambaye ta abin da ta fahimta. Sau da yawa abin da kunya ta hana ta faɗa game da kanta, za ta faɗe shi a kan Sumayya.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.