Ƙofofi biyu na tsibirin Gore

A babban hutun da ya wuce Allah ya nufe ni da zuwa Dakar, na kuma keɓe yini guda na shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Gore. Tafiyar kamar minti 20 ce. Na yi shekaru ina koyar da tarihin wurin nan a aji, ina nuna wa yara hoton ƙofar da ke kallon teku, amma sai da na taka shi na gane cewa rabin labarin kawai nake ba su.

Tsibirin ɗan ƙarami ne, tsawonsa kamar mita 900, faɗinsa wajen mita 300. Babu mota ko ɗaya a ciki. Gidaje masu jan fenti da rawaya, furanni sun rufe katangu, yara suna iyo a bakin gaɓa. Wanda ya zo hutawa zai samu abin da ya zo nema. Sai dai duk lungun da ka bi, akwai tarihin da ke jiranka.

Turawan Fotugal ne suka fara isa can a 1444. Daga baya mutanen Holan suka karɓe shi, su ne ma suka raɗa masa sunan da ya zama Gore. Faransa ta ƙwace shi a 1677, Ingila ta yi ta karɓewa tana mayarwa, har ya koma hannun Faransa a 1817. Wurin yana da kyakkyawar mafaka ga jiragen ruwa, shi ya sa kowa ya sa masa ido. A 1978 hukumar UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Wurin da kowa ke fara nufa shi ne Gidan Bayi, wanda aka gina a ƙarshen ƙarni na 18. A sama akwai ɗakuna masu iska inda masu gidan ke zama. A ƙasa kuwa ƙananan ɗakuna ne masu duhu da danshi, sai wani lungu da ya miƙe zuwa ƙofar da ake kira ƙofar tafiya babu dawowa. Na tsaya a bakinta, teku na dukan duwatsu a ƙasa, na kasa cewa komai. Nelson Mandela ya zo nan, Paparoma Jean-Paul II ya zo a 1992, Barack Obama ya zo a 2013. Wanda ya ɗaukaka sunan gidan shi ne marigayi Boubacar Joseph Ndiaye, wanda ya yi kusan rabin ƙarni yana kula da shi har rasuwarsa a 2009.

A nan ne nake so in ja hankalin ƴan'uwana malamai. Sau da yawa mun faɗa wa yara cewa miliyoyin bayi sun fita ta wannan ƙofa. Masana tarihin da suka bi takardun jiragen ruwa ba su yarda da haka ba. Ƙididdigarsu ta nuna cewa mutum kimanin miliyan 12 da rabi aka ɗora a jirage daga dukan gaɓar Afirka, kuma mafi yawansu sun fita ne ta Angola da Kongo da gaɓar Benin da Najeriya ta yau. Kason Gore kaɗan ne a ciki. Hausawan da aka kama a yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 ma ta Wida da Legas aka fi fitar da su zuwa Bahia ta ƙasar Brazil, inda suka shiga tawayen bayi tun 1807.

Faɗin wannan gaskiya ba ya rage wa Gore daraja. An tsare mutane a tsibirin, an sayar da su, an raba uwa da ɗanta. Amma yaron da ka ba adadin da ba shi da tushe, ranar da ya gano, zai iya yin shakkar sauran abin da ka koya masa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da an yi ta da kyakkyawar niyya.

Ƙofa ta biyu kuwa, kusan babu wanda na ga ya tsaya a gabanta. Tsohon ginin makarantar William Ponty ne, ba nisa da inda jirgi ke sauke mutane. Daga 1913 zuwa ƙarshen shekarun 1930, kafin a mai da ita Sebikotane, a nan Faransa ke horar da malamai da ma'aikatan ofis na dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta. Houphouët-Boigny na Kodebuwa ya yi karatu a nan, haka Modibo Keita na Mali. Namu ma sun zo. Boubou Hama, ɗan Foneko ta yankin Tera, wanda gidan tarihinmu na Yamai ke ɗauke da sunansa, ya fito malami daga nan a 1929. Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, ya bi sawunsa a shekarun 1930.

Na yi ta tunanin yaron da ya taso daga bakin kogin Kwara a wancan zamani, bai taɓa ganin teku ba, ya yi makonni a hanya, aka ajiye shi a kan dutse tsakiyar ruwa. Turawa sun kawo su ne don su zama masu taimaka musu wajen mulki. Wasu daga cikinsu sai suka koma gida suka kafa jam'iyyu, suka karɓi mulkin. Duk malamin lakwal a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, in ya bi salsalar aikinsa, zai tarar da igiyar ta ratsa ta wannan gini.

Akwai sauran wuraren da suka cancanci a gani. Ganuwar Estrées, mai siffar zobe, yanzu gidan adana tarihin Senegal ce. A kan tudun Castel akwai manyan bindigogin Faransa, daga can kuma ana hango Dakar sarai. A gindin tudun akwai masallacin dutse na ƙarshen ƙarni na 19, ga kuma cocin Saint-Charles na 1830. A tsibirin aka haifi Blaise Diagne a 1872, baƙin Afirka na farko da aka zaɓa a majalisar Faransa a 1914. Yau kuma akwai makarantar kwana ta Mariama Bâ, inda ake tara haziƙan ƴan mata na Senegal.

A jirgin komawa wani abu ya tsaya mini a rai. Yin kuka a ƙofar Gore ya fi sauƙi a kan duba cikin gidanmu. Faransa ta hana bauta a ƙasashenta a 1848, amma mu a Nijar sai a 2003 doka ta mai da ita laifin da ake hukuntawa. A 2008 kotun CEDEAO ta yanke hukunci cewa ƙasarmu ta kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12 a yankin Konni. Har yau akwai gidajen da ake bincika asali kafin a ba da aure, yara kuma suna jin yadda iyaye ke kiran wasu.

Da aka koma aji, na sake tsara darasin. Na nuna musu hoton ƙofar teku, na faɗa musu adadin da masana suka tabbatar, na nuna musu ginin Ponty, sannan na ce kowa ya je ya tambayi kakarsa ma'anar kalmar wahaya. Washegari hannu bakwai suka tashi, darasin kuma ya cinye mana har lokacin shan iska.