Mashigar Malanbil da Ɗanyen Man Agadem

Tun zamanin da fatake ke barin Kano da Sakkwato da kanwa da tufafi, suna ƙetare kogin Kwara a ƙasar Dandi, su bi ta Kandi da Jugu zuwa Gwanja neman goro, wannan yanki mashiga ce ta dukiyar arewa. Kuma da Faransawa suka raɗa wa garin Malanbil sunan gwamnansu na Dahome, Henri Malan, aka kuma gina gadar da ta haɗa shi da Gaya, sai motoci suka gaji jakuna, hanyar kuwa tana nan inda take.

Hajar wannan zamani ɗanyen mai ce. A shekarar 2011 Nijar ta soma haƙarsa a Agadem tare da kamfanin CNPC na Sin, ana tacewa a Damagaram. A 2019 aka fara shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000, wanda ya ratso ta Malanbil ya gangara Seme a bakin teku.

Abin da ya kamata mai hankali ya lura da shi, alhali ba a cika ambatonsa ba, shi ne cewa rijiya ba ta ba da mai tsantsa, sai gauraye da ruwan gishiri wanda ya tarwatse a cikinsa ɗigo-ɗigo. Kuma da yake man rijiyoyi ya saɓa a ɗabi'a, idan aka haɗa mai sauƙi da mai nauyi ba bisa ƙa'ida ba, sai wani sinadari baƙi mai kama da kwalta, wanda a da yake narke, ya fito ya lulluɓe kowane ɗigo da ɓawo, ya hana shi haɗuwa da ɗan'uwansa balle ya nutse ƙasa. Saboda haka ma'abota wannan sana'a sukan jarraba dacewar mayukan tukuna, sa'an nan su ɗumama su, kamar yadda ake soya man shanu don ruwansa ya fita, su zuba magani mai fasa ɓawon, su sa wutar lantarki ta tattara ɗigon. A ganina wannan taka-tsantsan wajibi ne, domin ruwan gishiri cin ƙarfe yake yi, bututun da ya ɓule kusa da kogi kuwa musiba ce ga masunta da manoman shinkafar Malanbil.

Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka rufe gadar, 'yan kasuwa suka koma ga kwalekwale, amma aikin bututun ya ci gaba, har jirgi na farko ya yi lodi a Seme cikin Mayu 2024.