Madarumfa: yadda ake tsara hotuna a kwamfuta a kuma sanya musu shaidar wuri

A duk damina ruwan tafkin Madarumfa yana cikowa ya haura gonaki, da rani kuma ya ja baya ya bar fadama ga masu lambu. Masunta, ma'aikatan gandun daji, malaman makaranta da matasan da ke aiki da ƙungiyoyi masu zaman kansu suna ɗaukar hoton wannan sauyi da wayoyinsu, shekara da shekaru. Sai dai in aka tambayi ɗayansu hoton bakin tafkin na watan Satumba, shekara biyar da suka wuce, daga gefen gabas, da wuya ya fito da shi. Ko dai wayar ta lalace, ko katin memwar ya ɓace, ko kuma hoton yana nan cikin dubban ƴan'uwansa da suna irin IMG_4032, ba wanda zai iya rantsuwa a kan inda aka ɗauke shi.

Tafkin yana kimanin kilomita 20 kudu da Maraɗi. A 2006 Nijar ta gabatar wa UNESCO shi tare da gandun dajin da ke kusa da kaburburan waliyyai 99, a jerin wuraren da take neman a amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya, kuma a 2019 ya shiga jerin dausayin yarjejeniyar Ramsar. Wuri irin wannan yana bukatar hotuna masu kwanan wata da adireshi, ba tarin hotuna kawai ba.

Abin da ke ɓoye cikin hoto

Fayil ɗin hoto ba hoton kaɗai ya ƙunsa ba. Akwai wani rubutu da ido ba ya gani, wanda waya ko kyamara ke rubutawa da kanta a lokacin ɗauka: rana, awa har da daƙiƙa, samfurin na'urar, da lambobin wurin idan an buɗe GPS. Wannan tsari ana kiransa Exif, masana'antun lantarki na Japan ne suka fito da shi a 1995. Ban da shi akwai IPTC, wanda kamfanonin dillancin labarai suka ƙirƙiro don rubuta sunan mai hoto, bayani da kalmomin nema, sai XMP da kamfanin Adobe ya kawo a 2001. Na farkon na'ura ce ke cika shi. Biyun ƙarshe aikin mutum ne, kuma nan ne kwamfuta ta fi waya amfani nesa ba kusa ba, domin a kan babban allo ana iya zaɓar hoto 300 a rubuta musu bayani guda a lokaci ɗaya.

Mai kwamfutar Windows na iya ganin wannan rubutu ba tare da ya saka komai ba. Ya danna hoton da maɓallin dama na linzami, ya shiga «Propriétés», sannan «Détails». In akwai shaidar wuri zai ga lambobi biyu, na arewa da na gabas. Garin Madarumfa yana wajen digiri 13,3 arewa da 7,15 gabas. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa ya kai kimanin kilomita 111, saboda haka lamba ta uku bayan waƙafi tana nuna tazarar mita 111, ta biyar kuma kusan mita ɗaya. Wanda ya kwafi lambobin a takarda ya yanke su a lamba ta biyu ya riga ya yi kuskuren da zai iya kai kilomita guda, wato ya tashi daga gonar wani ya faɗa ta wani.

Manhajojin da ake aiki da su

Da yawa daga masu shagon hoto a Maraɗi sun saba da Picasa, amma Google ya daina kula da ita tun 2016. Lightroom ta Adobe tana da kyau, sai dai kuɗin hayarta ake biya, ta katin banki, abin da ba kowa ke da halinsa ba. Wadda ta fi dacewa da yanayinmu ita ce digiKam. Kyauta ce, tana aiki a Windows, Mac da Linux, akwai ta da Faransanci, kuma da zarar an sauke ta ba ta bukatar intanet don tsara hotuna da sanya musu laƙabi. Intanet ɗin sai lokacin buɗe taswira. Nauyinta shi ne aibinta: tsohuwar kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi za ta riƙa jan ƙafa. Mai irin wannan na'ura gara ya nemi XnView MP, wadda wani Bafaranshe, Pierre-Emmanuel Gougelet, ya ƙera, kyauta ga mai amfanin kansa. GeoSetter kuwa aikin wuri kaɗai ta fi ƙwarewa a kai, a Windows. ExifTool ta Phil Harvey, wadda ta fito a 2003, ta fi su duka iko, amma da rubuta umarni ake sarrafa ta, sai wanda ya saba.

Akwai tarko guda a digiKam da ya kamata a sani tun ranar farko. Laƙabin da aka rubuta yana shiga rumbun bayanan manhajar ne, ba lallai ya shiga cikin hoton kansa ba. Sai an je wurin saituna, sashen «Métadonnées», an umarce ta ta riƙa rubuta laƙabi, bayani da wuri a cikin fayil. In ba a yi haka ba, ranar da kwamfutar ta mutu ko aka kwashe hotunan zuwa wata, aikin watanni ya tafi, hotunan su koma tsirara kamar yadda suka zo.

Dosiye da suna

Kafin laƙabi, tsari. Hanya mafi sauƙi ita ce dosiye guda na kowace shekara, a cikinsa dosiye na kowace fita, sunan ya fara da shekara, wata, rana: 2024-09-14 Tafki gabas. Da wannan jeri kwamfuta za ta jera su da kanta bisa lokaci. In aka fara da rana, 14 ga Satumba za ta zauna kusa da 14 ga Janairu. A sunan fayil ya fi kyau a guji haruffa masu lanƙwasa irin ɗ, ƙ, ɓ da ƴ, saboda wasu tsofaffin na'urori suna mayar da su alamar tambaya. A cikin laƙabi da bayani kuwa babu laifi.

Batun laƙabi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutanen ƙasar nan ke da matsalar da littattafan koyarwa na Turai ba su san da ita ba: kowane gari yana da rubutu biyu ko uku. Madarounfa a takardar gwamnati, Madarumfa ko Madarunfa a Hausa. Djiratawa da Jiratawa. Dan Issa da Ɗan Isa. Goulbi da Gulbi. Kwamfuta ba ta san abu ɗaya ba ne. Idan ma'aikaci ɗaya ya rubuta Djiratawa, abokin aikinsa ya rubuta Jiratawa, mai nema zai samu rabin hotunan ne ya ɗauka shi ke nan. Maganin shi ne a zauna tun farko a rubuta jerin sunaye guda, kowa ya bi shi. Ga ofis ko ƙungiyar da rahotanninta ke tafiya Yamai da Faransanci, rubutun hukuma ne ya kamata ya zama laƙabi, na Hausa ya shiga cikin bayanin hoto, inda shi ma ana iya nemansa.

digiKam tana ba da damar gina laƙabi kamar itace mai rassa. Ƙarƙashin Wurare a sa Maraɗi, ƙarƙashinsa Madarumfa, sannan ƙananan hukumomin gundumar: Madarumfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo da Sarkin Yamma, kowace da ƙauyukanta. Wani reshe na Aiki: su, noman rani, ambaliya, dashen itace, kasuwa. Wani na Lokaci: damina, kaka, hunturu, bazara. Wannan na ƙarshe kamar ba shi da amfani tunda kwanan wata na cikin hoto, amma mai neman hotunan kaka na shekara goma ba ya son ya bi shekarun ɗaya bayan ɗaya. Haɗa rassa uku, Gabi da ambaliya da damina, zai fito da abin da ake so cikin daƙiƙa kaɗan.

Yawan laƙabi ma ɓata aiki yake yi. Uku zuwa biyar a kan hoto sun isa. Manhajar tana kuma iya gane fuskoki ta tara hotunan mutum ɗaya wuri guda, abin da ke da amfani ga hotunan biki da suna na iyali.

Sanya wuri

Hanya ta farko ita ce a bar wayar ta yi da kanta, a buɗe «Localisation» a saitunan kyamara. GPS ba ya cin kuɗin waya kuma ba ya bukatar layi, domin saƙon yana zuwa ne kai tsaye daga taurarin ɗan'adam da ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20.000. A fili, kuskuren waya ba ya wuce mita biyar galibi. Kafin watan Mayu na 2000, lokacin da Amurka ta daina rage ingancin saƙon ga farar hula, yakan kai mita 100. A ƙarƙashin manyan itatuwa ko cikin ɗaki mai rufin kwano yakan ƙaru, kuma in babu intanet wayar kan ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta kama taurarin. Hoton da aka ɗauka da gaggawa da fitowa daga mota yakan ɗauki lambobin inda aka baro.

Ta biyu ta tsofaffin hotuna ce da na kyamarar da ba ta da GPS. A buɗe taswira cikin digiKam ko GeoSetter, a nemo wurin, a ja hotunan a ajiye a kai. Ingancin ya dogara ga tunanin mai aikin, don haka yana da kyau a ƙara laƙabi irin «wuri na ƙiyasi», kada wanda zai zo baya ya ɗauka na'ura ce ta auna.

Ta uku ita ce ta masu yawon aiki. A kunna manhajar waya mai rubuta sawu, irin OsmAnd, a sa wayar a aljihu, a yi ta ɗaukar hoto da kyamara. Da yamma a kwashe fayil ɗin sawun, mai ƙarshen suna GPX, manhajar kwamfuta ta gwada awar kowane hoto da inda mutum yake a wannan awar. Abin lura shi ne sawun yana tafiya da agogon duniya na UTC, Nijar kuwa tana gaba da awa ɗaya. In ba a gaya wa manhajar haka ba, mai babur da ke tafiyar kilomita 40 a awa zai ga hotonsa na bakin tafki ya faɗa can ƙetaren iyaka wajen Jibiya, ko arewacin Maraɗi. Dabarar masu aikin ita ce kafin a tashi a ɗauki hoton agogon wayar da kyamarar, a san tazarar da ke tsakaninsu.

Amfanin wannan wahala ya riga ya bayyana a ƙasar nan. Sassaben zamani, wato barin kututture ya toho a gona, wanda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa tare da manoman jahar Maraɗi a 1983, ya daɗe duniya ba ta san girmansa ba. Sai da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya gwada hotunan sama na wuri ɗaya, irin na ƙauyen Galma a jahar Tawa na 1975 da na 2003, aka ga bambancin ƙarara, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka sake yin itatuwa. Hotunan sun zama hujja ne don an san wuri da shekarar kowanne. Ƙungiyar masunta da za ta tsaya a wuri guda a bakin tafki, ta fuskanci gefe guda, ta ɗauki hoto a farkon kowane wata, cikin shekara biyar za ta mallaki abin da za ta ajiye gaban magajin gari ko masu ba da tallafi a kan cikewar tafkin da yashi.

Sai dai shaidar wuri ba takardar gona ba ce. Manhajar da ke rubuta lambobin tana iya canza su, kwanan watan ma haka. A rikicin iyakar gona hoto na iya taimaka wa tunani, amma takardar hukumar filaye ta COFO, wadda dokar karkara ta 1993 ta kafa, da shaidar mutane, su ne abin dogaro.

Inda shaidar wuri ke zama haɗari

Mutanen Gabi, Ɗan Isa da ƙauyukan bakin iyaka ba sa bukatar a yi musu bayanin ɓarayin shanu da masu satar mutane don kuɗin fansa. Hoton garke, na sito cike da hatsi ko na sabon gida, in yana ɗauke da lambobin wuri, taswira ce zuwa ƙofar gidan. A 2012 haka aka gano Ba'amurke John McAfee yana ɓoye a ƙasar Gwatemala, ta hoton da ƴan jarida suka wallafa ba su goge lambobin ba.

WhatsApp yana goge wannan rubutu idan an aika hoto ta hanyar da aka saba, yana kuma rage ingancinsa. In an aika shi a matsayin «Document» kuwa, komai yana tafiya tare, haka ma ta imel, Bluetooth ko kile ta USB. Wannan yana da fuska biyu: ma'aikacin da ke aika hoton rijiya ga ofishinsa sai ya bi ta «Document» kafin wurin ya isa, mai aika hoton iyalinsa ga baƙo kuma ya guje ta. A Windows, ƙasan shafin «Détails» akwai wurin goge bayanan sirri, wanda ke yin kwafi mai tsabta ya bar na asali yadda yake. Kwafin ake rabawa.

Ajiya

Ƙurar hunturu, zafin Afrilu da yankewar wuta suna kashe faifan kwamfuta ba sallama. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gida daban. Hoton waya yana cin wajen mega 4, don haka faifan waje na tera 1 zai ɗauki kimanin hoto 250.000. Kile da katin memwar na jigila ne, ba na ajiyar shekaru ba, musamman na arha da ake sayarwa a bakin kasuwa. A riƙa kwashewa duk ƙarshen wata, kuma bayan an kwashe a buɗe hoto biyu ko uku a faifan wajen, a duba «Détails», a tabbatar laƙabi da lambobin wurin sun biyo su.